Ku Tambaya Mu Amsa: Tarayyar Hukuma da 'Yan Kasuwa, a Ina Ake Tuntuɓe?

Wasiƙun wannan karon sun karkata ne ga batu guda, wato yadda hukuma da masu jari za su haɗa hannu wajen raya tattalin arzikin gari. Mun tsinto guda biyar, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma. Muna da tsohuwar kasuwa da ta lalace, ba mu da kuɗin sake gina ta. Wani kamfani ya ce zai gina da kuɗinsa, ya riƙa karɓar haya shekara 25, sannan ya mayar mana. Manyanmu sun yi na'am. Me ya kamata mu duba kafin a sa hannu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko a cire wa rai cewa an samu gini a kyauta. Kuɗin nan sai an biya shi, ko daga aljihun masu hayar rumfuna, ko daga baitulmalin hukuma in haya ta gaza alhali an riga an tsaya wa kamfanin. Bashin da kamfani ke ci kuma ya fi na gwamnati tsada, domin banki ya san kamfani na iya karyewa. Abu ɗaya ne ke halatta wannan ƙarin tsada: kamfanin ya ɗauke wa hukuma kasadar da ya fi ta iya sarrafawa. In bai ɗauke komai ba, an yi asarar kuɗin jama'a.

Saboda haka ku zauna da takarda, ku jero duk abin da zai iya ɓaci, ku rubuta sunan wanda zai ɗauki nauyinsa a gaban kowanne. Tsadar gini ta wuce lissafi, ko aiki ya wuce wa'adi, ko rufi ya fara yoyo bayan damina biyu, wannan na kamfani ne, shi ya zaɓi magina da kayan aiki. Takardun fili, diyyar waɗanda za a tasa, izinin gini, hanyar shiga, waɗannan na hukuma ne, babu kamfanin da zai iya warware rikicin fili. Mun sha ganin an sa hannu fili bai kuɓuta ba, kamfani ya ciwo bashi kuɗin ruwa na hawa, ko tubali ɗaya ba a aza ba, daga ƙarshe ya dawo yana neman hukuma ta biya shi asarar jinkiri, kuma yana da gaskiya. A rubuta cewa wa'adin yarjejeniya ba zai fara ƙirguwa ba sai ranar da aka damƙa fili babu gardama a kansa.

Kasadar da ta fi kashe irin wannan aiki ita ce ta ciniki: shin rumfunan za su cika? Bari mu buga misali da lissafi, ko wane irin kuɗi kuke amfani da shi. A ɗauka ginin zai ci miliyan 100, kamfani ya zuba 30 nasa, ya ciwo 70 a banki da ruwan kashi 12 cikin 100 na shekara 10. Abin da zai riƙa biyan banki duk shekara ya kai kusan miliyan 12.4. In rumfuna sun cika suna kawo miliyan 24, gyara da tsaro da shara da albashi suna cin 6, saura 18, komai lafiya lau. In kuwa kashi 70 cikin 100 kawai aka kama, kuɗin shiga ya koma 16.8, a cire 6, saura 10.8. Ko bashin banki bai biya ba, balle riba. Ko da hanyar kuɗin da babu ruwa a cikinta aka bi, irin sukuk ko ijara, lissafin bai canza ba, domin akwai abin da dole a biya duk shekara. A nan ne kamfani ke ƙara haya, 'yan kasuwa su fice su baza kaya a bakin titi, kasuwa ta ƙara zama fayau. Ku nemi kamfanin ya nuna muku lissafinsa a kan cika kashi 60, da 70, da 80, kuma ku aika naku mutanen su tambayi masu rumfunan yanzu nawa za su iya biya. Alƙaluman da mai neman kwangila ya kawo kullum da zaƙi suke zuwa.

Ƙasar Meziko ta ɗanɗana wannan. Tsakanin 1989 da 1994 ta bayar da manyan hanyoyi ga kamfanoni su gina su riƙa karɓar kuɗin wucewa, kuma wanda ya nemi wa'adi mafi gajarta shi ke cin kwangila. Gajeren wa'adi ya tilasta kuɗin wucewa mai tsada, direbobi suka koma tsofaffin hanyoyi na kyauta, a 1997 gwamnati ta karɓe 23 daga cikin kwangilolin tare da basussukansu. Chile ta bi wata dabara a hanyar Santiago zuwa Valparaíso a 1998: kowane kamfani ya faɗi jimillar kuɗin da yake son tarawa, wanda ya nemi mafi ƙaranci ya ci, kuma yarjejeniya tana ƙarewa ranar da ya tara kuɗin. Motoci sun yi yawa, wa'adi ya gajarta. Sun yi ƙaranci, ya tsawaita. Ana iya aron wannan tsari ga kasuwa ko tashar mota, kuma a ganinmu ya fi shekara 25 da aka yanke da ka adalci ga ɓangarorin biyu.

Ku tambayi kuma da wane kuɗi aka ci bashin. A 1997 aka raba ruwan birnin Manila na ƙasar Filifin gida biyu, gabas da yamma, aka bai wa kamfanoni biyu na shekara 25. Kamfanin yamma, Maynilad, shi ya gaji kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon bashin hukumar ruwa, wanda ake biya da kuɗin waje. A shekarar ce rikicin kuɗi na Asiya ya ɓarke, darajar peso ta faɗi, kamfani na karɓar peso a hannun jama'a yana biyan dala. Ya kasa, sai a 2007 sababbin masu jari suka karɓe shi. Duk aikin da kuɗin shigarsa na gida ne, bashinsa ma ya zama na gida gwargwadon iko.

Sauran abubuwan da dole su shiga takarda: ƙa'idar ƙarin haya (sau nawa, da wane ma'auni, wa zai amince), haƙƙin tsofaffin masu rumfuna na samun wuri kafin baƙi, ma'aunin aiki da ake iya ƙirgawa kamar sau nawa ake kwashe shara a mako da awa nawa ake gyara famfo in ya lalace, da tarar da za a cire in an saɓa. Sai yanayin da za a mayar da ginin. Shekara uku ko biyar kafin ƙarshen wa'adi a sa injiniya mai zaman kansa ya duba, a riƙe wani kaso na kuɗin shiga a asusu na musamman har a yi gyaran. In ba haka ba, kamfani zai daina kashe ko sisi a shekarun ƙarshe, ku karɓi kango.

Kada ku manta da ranar rabuwa. A rubuta abin da za a biya in hukuma ce ta karya alƙawari, da abin da za a biya in kamfani ne, da haƙƙin banki na kawo wani kamfani ya ci gaba. A Janairun 2018 kamfanin Carillion na Birtaniya ya durƙushe yana tsaka da gina manyan asibitoci biyu, na Liverpool bai buɗe ba sai 2022. A watan Oktoban 2018 gwamnatin ƙasar ta sanar da daina ƙulla sababbin kwangiloli a tsarin PFI da ta fara tun 1992, wato tsarin da kamfani ke gina aikin gwamnati da jarinsa, ita kuma ta riƙa biyansa shekara-shekara. Ƙasar da ke da tarin lauyoyi da akantoci ke nan. Ku ware kuɗi ku ɗauki naku lauya da naku mai lissafi, kada ku dogara da takardar da lauyan kamfani ya rubuta.

TAMBAYA: Ni ce shugabar wata ƙungiyar masu ƙananan sana'o'i. Duk bayan 'yan watanni hukuma na kiran mu taro, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a watse. Matsalolinmu na nan yadda suke. Mambobi sun fara ƙin zuwa. Ta yaya za mu sa zaman nan ya haifar da ɗa mai ido?

AMSA: Hajiya, mambobinki ba su yi laifi ba, mai sana'a ba ya rufe wurin aikinsa don sauraron jawabi. Taron da ake kira a tattauna "matsalolin 'yan kasuwa" gaba ɗaya ba ya warware ko ɗaya. Ku je da buƙata uku kacal, kowacce a shafi guda: ga matsalar, ga mutum nawa ta shafa, ga asarar da take jawowa a wata, ga ofishin da ke da ikon gyarawa, ga gyaran da kuke nema. Ku fara da abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sabuwar doka, misali a haɗe kuɗaɗen da jami'ai daban-daban ke karɓa su zama takardar biya ɗaya, ko a liƙa jerin kuɗin lasisi da kwanakin fitowarsa a bango inda kowa zai gani. In aka ci nasara a ƙaramin abu cikin wata uku, waɗanda suka daina zuwa da ƙafarsu za su dawo.

Ku dage a kan mutum biyu. Na farko wanda zai wakilci hukuma ya zama mai ikon sa hannu, domin wakilin da zai ce "zan isar da saƙo" ɓata lokaci ne. Na biyu magatakarda, ko da na wucin gadi ne, wanda aikinsa shi ne rubuta abin da aka yanke, da sunan wanda zai aiwatar, da rana. Zama na gaba da wannan takarda za a buɗe shi, a bi ta layi-layi kafin kowa ya yi jawabi. A kula kuma kada manyan 'yan kasuwa biyu ko uku su mamaye kujerun, domin damuwar mai masana'anta daban take da ta mai tebur.

In kun yi ƙarfi, akwai mataki na gaba. A 1970 masu shagunan unguwar Bloor West Village a birnin Toronto na Kanada suka nemi hukuma ta ɗora ɗan ƙarin haraji a kan dukkansu, ta tara ta miƙa musu, su kashe a kan fitilu da tsafta da tallata unguwar. Dalilinsu shi ne karo-karo na ganin dama kullum mutum kaɗan ke biya, kowa ya mora. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A Ingila dokar 2003 ta ce sai an kaɗa ƙuri'a, kuma sai rinjaye ya samu ta fuska biyu, yawan masu kasuwanci da kuma darajar wurarensu, don kada manya su danne ƙanana ko ƙanana su ɗora wa manya. Wa'adi ba ya wuce shekara 5, sai a sake ƙuri'a. Inda ake samun matsala shi ne hukuma ta ga kun fara biyan masu shara sai ta janye nata. Kafin ku fara, ta rubuta muku ayyukan da take yi yanzu da alƙawarin ci gaba da su, kuɗinku ya zama ƙari a kai.

TAMBAYA: Wani babban kamfani ya ce zai kafa masana'anta a yankinmu ya ɗauki dubban matasa, amma sai an ba shi fili kyauta da yafiyar haraji na shekara 10. Ina cikin kwamitin da zai ba da shawara. Mu yarda?

AMSA: Ranka ya daɗe, ana iya yarda, amma a biya bayan an ga aiki. Yafiyar ta riƙa fitowa shekara-shekara gwargwadon ma'aikatan da aka tabbatar da su ta takardun albashi, a fayyace cewa cikakken aiki ake nufi, da mafi ƙarancin albashi, da kason 'yan yankin. Fili kuma haya za a bayar mai rahusa, da sharaɗin komawarsa hannun hukuma in ba a fara gini cikin wata 18 ko 24 ba, kuma ba a yarda a jinginar da shi ko a sayar ba.

A 2017 jihar Wiskonsin ta Amurka ta yi wa kamfanin Foxconn alƙawarin tallafin kusan dala biliyan 3 a kan zai zuba jarin biliyan 10 ya samar da aiki 13,000. Ba a kai ko kusa ba. A 2021 aka sake yarjejeniya a kan aiki 1,454 da tallafin da bai wuce dala miliyan 80 ba. Abin da ya ceci jihar shi ne ta ɗaure tallafinta da yawan ayyukan da aka samar. Ƙananan hukumomin wurin kuwa sun riga sun ci bashi sun sayi filaye sun shimfiɗa bututu tun kafin a ga masana'anta. Ku raba jimillar abin da za ku yafe da yawan ayyukan da aka yi alƙawari, ku ga nawa kowane aiki ya ci. Sannan ku tambayi kanku ko kuɗin nan, in aka sa shi a wutar lantarki da hanya da ruwa na yankin masana'antu, ba zai amfani kamfanoni 50 da suke nan tun da ba. Galibin masu jari da gaske sun fi damuwa da wuta da hanya da ƙwararrun ma'aikata da tabbacin ba za a canza musu doka da rana tsaka ba. Wanda yafiyar haraji kaɗai ta kawo shi, ranar da ta ƙare yake fara ɗaure kaya.

Batun matasan ma a shigar da horo ciki. A Jamus, ƙarƙashin dokar koyon sana'a da aka fara kafawa a 1969, ɗalibi na yin kwana 3 ko 4 a kamfani, 1 ko 2 a makaranta, kamfani na biyansa alawus, ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke shirya jarrabawa. Ko ba a kwaikwayi tsarin duka ba, a sa kamfanin ya zauna da makarantar koyon sana'a ta yankin su tsara manhaja tun ana gini.

TAMBAYA: Ƙaramin ɗan kwangila ne ni. Ayyukan hukuma ana haɗe su su zama ƙato ɗaya da ba mu isa nema ba, in kuma mun samu ƙarami sai biya ya ɗauki wata takwas. Ana ta maganar haɗin gwiwa, mu ina namu rabon?

AMSA: Alhaji, ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Hukuma ita ce babbar mai saye a kusan kowane yanki, kuma yadda take saye da yadda take biya sun fi kowane taron zuba jari tasiri. Jinkirin biya bashi ne da ƙaramin ɗan kasuwa ke bai wa gwamnati ba da son ransa ba. Ga lissafin: in ribarka kashi 10 ce, ka ciwo kuɗin aikin da ruwan kashi 2 a wata, wata biyar sun cinye ribar, na shida daga uwar kuɗi yake ci. Wannan ne ke sa 'yan kwangila ƙara farashi tun daga tayi, ko rage ingancin kaya, kuma jama'a ke biya.

Gyaran sananne ne. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a 2011 cewa hukumomi su biya cikin kwana 30, in sun wuce kuɗin jinkiri ya hau kansu kai tsaye. Amurka na da irin wannan doka tun 1982. Abin da ƙungiyarku za ta nema shi ne kada a tallata aiki sai an ware kuɗinsa, a riƙa biya bisa jerin ranar da takardar neman biya ta shiga, kuma a wallafa jerin. Babban ɗan kwangila ma a ɗaure shi da biyan ƙananan da ke ƙarƙashinsa cikin kwanaki ƙayyadaddu.

Game da girman aiki, a nemi a riƙa gutsura shi: gyaran makarantu 20 ya zama kashi 4 ko 5, kuma sharuɗɗan shiga su dace da girman kason. Kenya ta ware kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman tun 2013. A garin Preston na Ingila, manyan cibiyoyin gwamnati sun binciki inda kuɗinsu ke tafiya suka gyara yadda suke tallata ayyuka, abin da suke kashewa a cikin garin ya tashi daga kashi 5 zuwa kusan 18 cikin shekara huɗu. Ku ma da naku aikin: rajista da takardun haraji su zama a kammale, lissafin kuɗi a rubuce, kuma ku uku ko huɗu ku iya haɗuwa ku nemi aiki ɗaya da yarjejeniyar da ta fayyace kason kowa da wanda zai sa hannu. Keɓe kaso irin na Kenya yana da ɓaraka guda da ya kamata ku da kanku ku toshe, wato babban kamfani ya fake da sunan ƙarami ya karɓi aiki.

TAMBAYA: In kamfani ne ya kawo shawarar aiki da kansa, ba hukuma ta nema ba, dole ne a yi gasa? Ai tunaninsa ne.

AMSA: Malam, tunanin nasa ne, amma dukiyar da za a ɗora aikin a kai ta jama'a ce, kuma in babu tayi na biyu babu yadda za a san farashin ya yi daidai. Hanyar da ƙasashe irin su Filifin da Indiya ke bi ita ce a tallata aikin, wasu su kawo nasu tayin, in wani ya fi araha a bai wa mai shawarar farko damar daidaita nasa. In ya kasa, wanda ya ci ya mayar masa da kuɗin binciken da ya kashe. A Chile ƙarin maki ake ba shi wajen tantancewa. Ko wacce aka ɗauka, a bayar da isasshen lokaci, domin wanda ya shekara yana shiri ba a haɗa shi tsere da wanda aka bai wa mako uku.

A 1999 aka bayar da ruwan birnin Cochabamba na Boliviya na shekara 40 ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda shi kaɗai ya kawo tayi. Kuɗin ruwa ya tashi, gari ya rikice, a Afrilun 2000 aka soke kwangilar. Gasar ma ba ta gama magana, domin wasu na karya farashi su ci, daga baya su dawo neman gyara. Wani binciken Bankin Duniya na 2004 a kan kwangiloli sama da 1,000 a Latin Amurka ya gano an sake zaman ciniki a kan kashi 30 cikin 100, a fannin ruwa kuwa kashi 74, akasari cikin shekara biyu da 'yan watanni da sa hannu. Don haka a karɓi kuɗin lamuni mai nauyi daga wanda ya ci, a hana taɓa farashi a shekarun farko sai da dalilin da aka riga aka lissafa a takarda, kuma duk gyaran da aka yi wa yarjejeniya a wallafa shi kamar yadda aka wallafa ta asali.